Wata uku ina kai yara cibiyar wasannin gwamnati a Jos, ga abun da na gani bayan zuwan masu fom

Tun farkon dogon hutu mutane suke tsare ni a shago a Dilimi wai ina nake kai yarana da sassafe da ake ganinmu a keke da jakar kaya, wurin yana da kyau kuwa, nawa ake biya, ana koyar da mata, shi ne nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaici. Sunan wurin ba zan kama ba, don akwai maganganun da zan yi marasa daɗi kuma akwai ƙananan ma'aikata a ciki da bana so a je a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Na gwamnati ne dai, tsohon gini, akwai filin ƙwallo, akwai siminti na ƙwallon kwando da ƙwallon hannu, akwai wurin iyo, ɗakin ƙarafan motsa jiki, sai wani babban hol mai dandamali da 'yan rawar gargajiya da 'yan dirama suke amfani da shi.

Ni wurin ba baƙona bane, a nan na yi tirenin ina saurayi kafin gwiwa ta ce ta gaji in koma sai da kayan gyaran mota. Lokacin mu in ka ce kai ɗan Jos ne a filin ƙwallo ana ɗaga maka ƙafa, garin Mighty Jets ne fa, su suka fara cin lig ɗin ƙasa a 1972, dattijan layinmu har yau in aka ambaci Sam Garba ko Ismaila Mabo sai ka ga sun gyara zama. Mikel Obi a nan aka haife shi, Ahmed Musa a nan, Moses Simon a nan, kuma ina cikin filin Rwang Pam a 2017 da Plateau United ta ɗaga kofi, muryata sai da ta yi kwana uku bata dawo ba. To duk waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, a irin waɗannan filayen na ƙasa da tsakuwa suka fara, shi yasa in na ga wurin ya lalace abun yake min ciwo kaman gidanmu ne.

Kuma ya lalace ɗin. Shekarun baya in ka shiga awaki ne suke kiwo a gefen raga, wurin iyo ya zama kore shar da kwaɗi a ciki, banɗaki kuwa kar ma a yi magana. Sai bara muka ji an ce an ware kuɗi za a yi nazarin yanda ake tafiyar da wurin, a ga ko gwamnati ce za ta ci gaba da riƙewa ko a ba wani kamfani ya riƙe. Nawa aka ware, wa ya ci kwangilar, wannan tsakaninsu ne, ni abun da idona ya gani shi ne wata Talata da misalin sha ɗaya na safe na biyo ta wurin zan kai wa wani kwastoma kaya, na tarar da samari da 'yan mata kaman takwas da riguna masu ƙyalli da faifan rubutu a hannu suna neman wanda zai cika musu fom. Talata fa, sha ɗaya na safe, lokacin makaranta, wa za ka samu a filin wasa? Daga ni sai Baba maigadi sai mai awara da take shirin hura wuta.

Fom ɗin na cika, shafi huɗu, da Turanci zalla, kowace tambaya da akwati biyar daga ka gamsu sosai har zuwa baka gamsu ba sam. Akwai tambaya kan wurin ajiye mota, akwai tambaya ko za ka so a sa intanet kyauta, akwai wadda ta fi kowacce tsawo wai nawa za ka iya biya a wata in an gyara. Na duba sama na duba ƙasa babu inda aka tambayi ƙarfe nawa yaranka suke iya zuwa, babu ko akwai ɗakin canja kaya na mata, babu ko daga wace unguwa kake zuwa da nawa kake kashewa a keke. Nace wa yarinyar da ta bani, ƙanwata a ina zan rubuta abun da yake damuna, tace yallaɓai akwai layi biyu a ƙarshe. Layi biyu. Na rubuta banɗaki da ruwa, wuri ya ƙare.

Gaskiya ɗaya ce, an yi aiki bayan nan, ba zan ci haƙƙinsu ba. Yanzu akwai geti na gaske da mai tikiti, kana biya ana baka rasit mai lamba ba irin da ba da kowa yake karɓa ya sa a aljihu, kuma suna karɓar transfa da POS. An haƙa rijiyar burtsatse an ɗora tanki biyu, banɗakuna shida ne huɗu suna aiki da ruwa a famfo, akwai wata mama da take wankewa safe da yamma kuma wallahi tana yi tsakani da Allah. An sa fitilun sola a kewayen filin kwando, wanda yasa samari suna bugawa har bayan isha'i, kuma wannan ba ƙaramin abu bane ga unguwar da da zarar duhu ya yi wurin yake zama matattarar 'yan shaye-shaye. An yi fenti, fentin ma har ya yi yawa, har bishiyoyi an shafa musu fari a gindi kaman za a tarbi gwamna.

Kuɗi: ni ina biyan dubu uku a wata kan kowane yaro na filin wasa, iyo kuma daban ne, ɗari biyar duk shiga. Ga mai shago kamata da yara uku ana iya daurewa, amma in ka haɗa da kuɗin keke zuwa da dawowa tun da fetur ya tashi a 2023 za ka ga keken ya ma fi tikitin ci. Kuma na san yara a layinmu da suka fi babban ɗana iya ƙwallo nesa ba kusa ba, da suna zuwa kullum da yake kyauta ne, yanzu sai dai su tsaya ta bayan waya suna leƙe. Akwai wai tsarin yafe wa marasa hali, na tambaya aka ce sai an kawo takarda daga mai unguwa da hoto biyu da takardar makaranta sannan a jira manaja ya sa hannu, manajan kuma sau biyu na taɓa ganinsa a wata uku.

Filin ƙwallo babu laifi, an baje shi an cike ramuka, ciyawa ce dai rabi da rabi, tsakiya ƙasa ce ja, in ruwan Agusta ya sauka sai ya zama taɓo yaro ya dawo gida kaman an tono shi, maman su har ta gaji da mita ta saya musu bokiti daban. An yi jadawali an manna a allo, 'yan ƙasa da sha uku ƙarfe bakwai zuwa tara, manya bayan su, wanda ya kashe rigimar da ake yi da ta manya su kori yara. Wannan na yaba.

Amma wanda yake riƙe da filin nan ba jadawali bane, Koci ne. Dattijo ne siriri da wata tsohuwar jaket shuɗiya da usur a wuya, tun ina yaro yake wurin, ya yi ritaya amma bai daina zuwa ba, ba a biyansa ko sisi sai abun da iyaye suka haɗa masa. Ya san sunan kowane yaro da unguwarsu, ya san wanda bai karya ba ya fito, sai ka ga ya kira shi gefe ya ce je ka wajen mai masa ka ce in ji ni. Kuma duk wanda ya san Jos tun daga rikicin 2001 zuwa yau ya san yanda garin ya rabu, akwai unguwannin da yaro zai girma bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. A filin Koci in zai raba tim da gangan yake gauraya su, ɗan Angwan Rogo da ɗan Tudun Wada a baya ɗaya, ɗan Rikkos yana ba ɗan Jenta fasin, in ka yi gardama ka zagaya fili sau biyar. Babban ɗana yanzu babban abokinsa wani yaro ne Birom mai tsaron gida, har gida ya zo ranar Sallah ya ci tuwo ya yi ƙari.

Na tambayi Koci, nace Baba masu fom sun zauna da kai kuwa? Ya yi dariya yace Alhaji ai ni ba na cikin lissafi, sunana baya takardar albashi. Shekara sama da talatin a wuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ɗauko mutane daga nesa an biya su su zo su tambayi mai awara ko tana son intanet.

Shi ne ma ya fahimtar da ni abun da ban taɓa ganewa ba, dalilin da yasa wurin gwamnati yake tara kuɗi a geti amma a rasa kuɗin ƙwan fitila. Yace duk abun da aka karɓa asusun gwamnati yake wucewa kai tsaye, irin tsarin asusun bai ɗaya da tarayya ta ƙarfafa a 2015, don a toshe sata, kuma ya toshe wata satar, amma in raga ta yage sai an rubuta takarda ta hau tebur ta sauka tebur, a jira a saki kuɗin gudanarwa, kafin ta dawo damina ta wuce. Albashi yana zuwa, babban gyara yana zuwa in an sa a kasafi don shi ne ake kaddamarwa a ɗau hoto, amma ɗan kuɗin yau da kullum na maganin ruwa da man janareta da ƙwallaye shi ne maraya. Yace ko a sama ma ai canje-canjen suke ta yi, a Oktoban 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni ta tarayya aka maida aikin hannun hukumar wasanni ta ƙasa aka ba Shehu Dikko, aka haɗe yawon buɗe ido da al'adu a ma'aikata ɗaya, mu dai a nan ƙasa ƙwallo shida muke da su biyu suna sacewa.

Yanzu wurin iyo, wanda shi ne dalilin da autana yake tashina tun asuba. An gyara shi, an sa tayil sabo, satin farko ruwan garau kana ganin ƙasa. Sai dai Jos ce fa, muna kan dutse sama da mita dubu ɗaya, kuma dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, amma lokacin yara da aka sa ƙarfe takwas zuwa goma na safe ne. Na ga yaron nan ya shiga da murna ya fito leɓensa ya yi shuɗi haƙora suna kaɗawa, na naɗe shi da tawul biyu da rigar sanyina na saya masa kunun gyaɗa mai zafi a geti yana sha yana cewa Abba gobe ma za mu zo. Da rana tsaka da ruwan yake ɗan ɗumi an ware wa masu katin wata, manya masu motoci, waɗanda sau da yawa mutum uku ne a ciki. Na yi magana aka ce haka yake a tsari. Duk wanda ya zana tsarin nan ban jin ya taɓa sa ƙafarsa a ruwan Jos da safe.

Mai ceto akwai, saurayi ɗaya, kuma yana sa ido sosai, baya taɓa waya in yara suna ciki, na lura da wannan da kyau don shi ne abun da na fi tsoro. Amma shi kaɗai ne, ranar da baya nan rufewa ake yi ba sanarwa, sau biyu muna biyan keke mu zo mu tarar da kwaɗo. Wajen sati na bakwai kuma ruwan ya fara yin hazo-hazo, injin tacewa yana son wuta, wuta babu, janareta babu mai, maganin ruwa ya ƙare ana jiran takarda. Kwana goma aka yi a rufe. Ba a maida wa masu katin wata ko kwabo ba.

'Yata ita ce aka fi cuta. Shekararta sha ɗaya, tana son iyo kaman me, amma ɗakin canja kaya na mata ƙofarsa babu sakata, taga babu labule, kuma babu wata awa ko ɗaya a sati da aka ce ta mata ce zalla da mace mai koyarwa. Maman su tace ba da ita ba, ni ma ban ga laifinta ba. Ba mu kaɗai ba, wata mata Kirista da muke zama benci ɗaya muna jiran yara tace ita ma 'yarta ta daina saboda samari masu tsayawa kallo. Sakata nawa take? Ni da kaina nace zan saya in kawo kafinta, aka ce ba a yarda wani ya taɓa kayan gwamnati ba sai da izini a rubuce. Ta koma ƙwallon hannu, kuma alhamdulillahi akwai wata malama da take koya musu Laraba da Asabar, tana da zafi amma yaran suna sonta, yanzu yarinyar in ta jefo maka lemu sai ka kare fuska.

Ɗakin ƙarafa na shiga sau uku don gwiwar nan, injin gudu biyu ɗaya ya mutu, sauran ƙarafan ƙirar maƙeran gida ne amma suna aiki, fanka ɗaya. Ba abun faɗa sosai.

Hol ɗin shi ne inda na ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da can duk yammacin Juma'a da Asabar in kana fili kana jin ganguna daga ciki, 'yan rawar Asharuwa ta Afizere da sarewarsu, 'yan Birom masu shirin bikin al'adunsu na Nzem Berom, wasu samari masu kalangu, ga 'yan dirama da suke haddace wasa, garin da hukumar fina-finai ta ƙasa da makarantar koyon fim suke ai ba a rasa masu son dandamali. Da yawan mu a nan muka fara ganin rawar wata ƙabila da ba tamu ba, kyauta, kana tsaye a bakin taga da takalmin ƙwallo a hannu. To nazarin da aka yi ya ce wurin ya dinga samo kuɗin kansa, kuma abun da ya fi kawo kuɗi a Jos ranar Asabar kowa ya sani, biki ne. An sa tayil, an sa silin, an sa labule masu ruwan gwal, daga Juma'a zuwa Lahadi an kama shi wata biyu gaba, kamu, dina, liyafar coci, taron siyasa. Masu rawa an ce su zo Litinin zuwa Laraba da safe, mutanen da duk ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa.

Wata Asabar na fito zan sayi ruwa na same su a wurin ajiye motoci ƙarƙashin bishiyar mangwaro, su kaman goma sha biyar, sun jingina ganguna a jikin motar wani ɗan biki, ƙafa babu takalmi a kan tsakuwa, shugabarsu wata dattijuwa da ɗankwali a ɗaure a ƙugu tana ƙirga musu taku da tafi, daga cikin hol kuma sifika tana ta ambaton sunan amarya har ba sa jin gangar kansu. Sai ga yayyafi, suka kwashi gangunan da gudu suka cusa ƙarƙashin rumfar maigadi don fata bata son ruwa, su kuma suka tsaya a waje suna jiƙewa. Nace Mama sannunku, tace ɗana ai mun saba, in baƙi sun zo daga Abuja mu ake nema mu yi musu rawa a filin jirgi, in sun tafi mu koma gindin mangwaro.

Na ba wani ƙanina da yake zaune a Ingila labari a waya, yace su ma can ƙananan hukumomi ne suke da wuraren iyo da laburare, kuma da yawa sun miƙa su ga wasu ƙungiyoyi da ba riba suke nema ba su gudanar, har da kuɗin cacar ƙasa ake tallafa wa wasanni da al'adu tun 1994, nace to mu dai a bar mu da cacar nan, yace kuma duk da haka ana rufe wasu in kuɗin wuta ya yi yawa. Abun da ya tsaya min a maganarsa shi ne wai a takardar yarjejeniya ake rubuta awannin da dole a bar wa makarantu da ƙungiyoyin unguwa. Da an rubuta mana ko yammacin Asabar ɗaya a wata na masu ganga ne, da ba a kai ga mangwaro ba.

Na kai yaran gidan tarihi na Jos ana saura sati biyu a koma makaranta, wanda wani Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952, suka ga kawunan mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok na da da kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina da ƙasa, a hanyar dawowa 'yata take tambayata wai su masu rawan nan na wurinmu in sun tsufa su ma nan za a kawo gangunansu a sa a gilashi? Ban bata amsa ba, mai keke ne ya yi dariya.

Ga wanda yake son kai nasa: ƙwallon ƙafa da kwando da ƙwallon hannu ku kai, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ku je da ruwan sha da takalmi mai ƙwari, kuma ku nemi Koci ku gaisa ku sa masa wani abu a hannu ko ba yawa. Iyo ku kira wani da yake ciki ya duba muku a buɗe yake kafin ku hau keke, ku tafi da tawul biyu da rigar sanyi, kar ku sayi katin wata, ku dinga biyan na shiga. In 'ya mace ce ku fara leƙa ɗakin canja kayan da idonku. In tauraro ake bayarwa kaman na manhajar waya uku zan basu cikin biyar, ɗaya na mama mai wanke banɗaki ne, ɗaya na Koci, ɗaya na sola.

Jiya na je sabunta katin babban, mai tikiti take ce min Alhaji an ce masu fom za su dawo wata mai zuwa su ga yanda gyaran ya karɓu. Nace wace rana, tace bata sani ba amma ta ji ana cewa Talata. Sakatar tana cikin jakar yara tun wancan satin da ƙusoshinta huɗu, Baba maigadi yace in zo da sukundireba ranar Lahadi da sassafe kafin 'yan biki su fara shigo da kujeru.